Zaɓen Harafin da ya Dace a Ingilishi: Matsalar Ɗalibi Bahaushe a Amrigebe

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duƙufa ne a kan wani ɗan rukuni na ƙananan kalmomin Ingilishi da ake kira "preposition", irin su in, on, at, to, for, from, of, by da with. A nahawun Hausa takwarorinsu su ne a, da, daga, ga, har, zuwa da makamantansu, waɗanda aka saba sanyawa cikin rukunin haruffa. Wanda ya yi karatun Larabci ya san su da sunan haruffan jarri. Saboda haka duk inda aka ce harafi a nan, wannan ake nufi, ba harafin abacada ba. Haka kuma an zaɓi a ce Ingilishi maimakon Turanci, domin a ƙasashen da Faransa ta mulka sau da yawa idan Bahaushe ya ce Turanci, Faransanci yake nufi.

An gina bayanin a kan halin da ɗalibi Bahaushe yake ciki a Amrigebe, wata unguwa a gunduma ta 5 ta birnin Njamena. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a irin wannan unguwa Hausa yake ji a tsakar gida. Da ya leƙa waje sai Larabcin Chadi, wanda shi ne harshen titi da kasuwa. A makaranta kuma Faransanci ne ko Larabcin littafi, wato harsunan hukuma guda biyu na ƙasar. Ingilishi shi ne na huɗu, kuma galibi sai a sakandare yake haɗuwa da shi. Duk da haka bukatarsa ba ƙarama ba ce. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya suka kafa a 1964, hedkwatarta a Njamena take, kuma da Ingilishi da Faransanci take aiki. Fara fitar da man fetur na Doba ta bututu zuwa Kribi a 2003 ya ƙara wa Ingilishi daraja a wajen masu neman aiki. Ga kuma ɗaliban da ke ƙetare gadar Ngeli zuwa Kuseri da nufin neman karatu a Maiduguri ko Kano. Duk waɗannan sai sun cika fom, sun rubuta wasiƙa, sun zauna jarrabawa, kuma a irin waɗannan wurare ne kuskuren harafi yake tona asirin mai rubutu.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, ba a samun harafin Ingilishi ta hanyar fassara harafin wani harshe. Abu biyu ne ke zaɓensa: ko dai yadda Ingilishi ya ɗauki siffar wurin ko lokacin da ake magana a kai, ko kuma kalmar da ta gabace shi, wadda takan zo da nata harafin. Aikin ɗalibi na farko shi ne ya gane wanne daga cikin biyun ke aiki a jimlar da ke gabansa. Alamar tauraro (*) a gaban misali tana nuna cewa ba a yarda da shi ba a daidaitaccen Ingilishi.

2.0 Harafin wuri

Dubi waɗannan misalai:

(1) a. Yana zaune a Njamena. He lives in N'Djamena.
b. Na gan shi a kasuwa. I saw him at the market.
c. An rataye hoton a bango. The picture was hung on the wall.
d. An faɗa a rediyo. It was announced on the radio.

Harafi ɗaya ne a Hausa, wato "a", amma uku ne a Ingilishi. Da a ce Faransanci ya rarrabe su, da ɗalibi ya sami abin dogaro. To, bai rarrabe ba: à N'Djamena, au marché, au mur, à la radio, duk harafin "à" ne. Larabcin Chadi ma "fi" yake amfani da shi a galibin irin waɗannan wurare. Ke nan harsuna uku sun haɗu sun tabbatar wa ɗalibi cewa harafi ɗaya ya isa. Shi ya sa yakan kama ɗaya daga cikin ukun ya yi ta amfani da shi ko'ina. Wanda ya fito daga makarantar Faransanci yakan riƙe "at", saboda ya yi kama da "à" a ido da kunne. Wanda ya fito daga makarantar Larabci kuwa "in" yakan riƙe, domin an koya masa cewa shi ne "fi".

Bayanin da ya fi taimakawa shi ne wanda Randolph Quirk da abokan aikinsa suka tsara a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985. A taƙaice, "at" yana ɗaukar wuri a matsayin ɗigo, ba a damu da faɗinsa ko cikinsa ba. "On" yana ɗaukarsa a matsayin layi ko shimfiɗa da abu ke taɓawa. "In" kuma yana ɗaukarsa a matsayin fili mai iyaka ko mazubi da ya kewaye abu. Abin lura a nan shi ne, ba girman wurin ne ke yanke hukunci ba, yadda mai magana ya dube shi ne. Birni ɗaya yana iya karɓar biyu:

(2) a. She was born in N'Djamena.
b. The plane stopped at N'Djamena on its way to Jeddah.

A (2a) birnin fili ne da ya kewaye ta. A (2b) zango ne kawai a kan hanya.

Hausa ba ta rasa hanyar nuna wannan bambanci ba, sai dai ba ta tilasta shi. Tana da rukuni na biyu na haruffa waɗanda asalinsu sunaye ne, yawanci na sassan jiki: kan daga kai, cikin daga ciki, bayan daga baya, bakin daga baki, gindin daga gindi. Paul Newman a nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun ware wannan rukuni daban da na asali. Malami zai iya cin moriyar wannan. Idan ɗalibi ya yi shakka, sai ya gwada faɗaɗa "a" ɗin: idan "a cikin" ta zauna daram, mai yiwuwa "in" ne, idan "a kan" ko "a jikin" ce ta zauna, mai yiwuwa "on" ne, idan babu wadda ta zauna sai "a" tsurarta ko "a wurin", to a duba "at". Wannan gwaji ne, ba doka ba, amma ya fi komawa ga Faransanci amfani nesa ba kusa ba.

Yanayin ƙasar Njamena kansa ya isa darasi guda:

(3) a. N'Djamena is on the Chari.
b. The children are swimming in the Chari.
c. The city lies at the confluence of the Chari and the Logone.
d. Kousseri is across the river from N'Djamena.

A (3a) kogin Shari layi ne, birnin kuma yana bakinsa. Bahaushe "a bakin kogi" zai ce, shi ya sa "on" ke ba shi mamaki, yana ganin kamar an ɗora birnin a bisa ruwa. Wanda ya gyara ya rubuta *N'Djamena is in the Chari kuwa ya nutsar da garin ɗungurungum. A (3c) mahaɗar Shari da Logon ɗigo ce, don haka "at".

Akwai wani bambanci da Hausa ta fi Faransanci fayyace shi, amma ɗalibai ba su lura:

(4) a. Moundou is in the south of Chad. Mundu tana kudancin Chadi.
b. The Central African Republic is to the south of Chad. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana kudu da Chadi.

"Kudancin" ita ce "in the south of", wato cikin ƙasar. "Kudu da" ita ce "to the south of", wato wajenta. Ɗalibin da ya rubuta *Libya is in the north of Chad ya mayar da ƙasa mai cin gashin kanta lardin Chadi, kuma duk wanda ya san tarihin rikicin zirin Awzu ya san ba ƙaramar magana ba ce. Faya ce ke "in the north", Libiya "to the north".

Wani lokaci sauya harafi yana sauya labari gaba ɗaya. A Ingilishin Ingila, He is in hospital yana nufin an kwantar da shi, He is at the hospital kuwa yana iya zama dubiya ya je ko a can yake aiki. Haka He is in prison da He is at the prison: na farko ɗaurarre ne, na biyu wataƙila gandiroba ne. Hausa "yana asibiti" ta ɗauki ma'anonin biyu, sai muhallin magana ya raba gardama.

Game da abin hawa, ana cewa in a car da in a taxi, amma on a bus, on a plane, on a train, kuma on a motorcycle, har da babur ɗin haya da mutanen Njamena ke kira kilando. Faransanci "dans le bus" ne ke jawo "in the bus", wanda ba a rasa jin sa, amma ba shi aka saba faɗa wa fasinja ba. Idan hanyar tafiya ake nufi ba abin hawan kansa ba, sai a ce by bus, by car, by air, ba tare da "the" ba. Mai tafiya a ƙasa shi ne on foot. "Da ƙafa" ce ke haifar da *with leg.

3.0 Harafin lokaci

Tsarin nan na ɗigo da shimfiɗa da mazubi ya shafi lokaci ma, kuma a nan ya fi sauƙin riƙewa. Ƙarfe yana ɗaukar "at", rana ko kwanan wata "on", wata da shekara da yanayi "in".

(5) a. The class begins at three o'clock.
b. Chad became independent on 11 August 1960.
c. Fort-Lamy was renamed N'Djamena in 1973.
d. It rains heavily in August.

Matsalar Bahaushe a nan "da" ce: da ƙarfe uku, da safe, da dare, da damina. Ingilishi ya raba su: at three, in the morning, at night, in the rainy season. Babu wata hikima da za ta bayyana dalilin da ya sa safiya ta sami "in" dare ya sami "at". Haddacewa ake yi. Da zarar an ambaci ranar kuma, sai "on" ya ƙwace: on Friday morning. Idan this, last, next ko every ta gabaci lokacin, ba a sa harafi sam. I saw him last Friday ake cewa, ba *on last Friday ba.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin wanda ya yi Faransanci shi ne *I am living here since ten years. Tushensa "depuis", wadda ke ɗaukar mafarin lokaci da tsawonsa duka. Ingilishi yana ba mafari "since", tsawo kuma "for": I have lived here since 2015, amma I have lived here for ten years. Hausa na tare da Ingilishi a nan, domin "tun 2015" daban take da "na tsawon shekara goma" ko "na shekara goma a nan". Ɗalibin da ya tambayi kansa da Hausa ba zai faɗa wannan rami ba.

4.0 Abin da aikatau na Hausa ke ɗauke da shi

Wannan shi ne sashen da littattafan koyon Ingilishi da aka rubuta a Turai ba su taɓawa, domin ba Bahaushe suka rubuta wa ba. Aiki mai yawa da Ingilishi ya ɗora wa harafi, Hausa a jikin aikatau ta ɗora shi. F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960, kuma wasu daga cikin azuzuwan alƙibla suke nunawa. Saya, sayar da sayo tushensu ɗaya, amma ƙarshen kalmar ya nuna ko abin shigowa ya yi hannu, ko fita ya yi, ko kuwa an je can an taho da shi nan. Fita da fito, koma da komo, aika da aiko, duk haka suke. Ingilishi ba shi da wannan. Ko dai ya sauya aikatau ɗin, ko ya kawo harafi, ko ya yi duka biyun. Dalilinsa na tarihi ne: tsohon Ingilishi na kafin ƙarni na 12 yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen suna masu nuna matsayinsa a jimla, kamar yadda i'irabi yake a Larabci. Da suka zube, sai nauyin ya koma kan jerin kalmomi da haruffa.

Sakamako na farko shi ne, Bahaushe bai saba sa harafi bayan aikatau na tafiya ba. "Ya tafi Kano", "ya je kasuwa", babu komai a tsakani. Daga nan ake samun *He went Kano. Da malami ya tsawatar, sai ɗalibi ya wuce gona da iri ya sa "to" ko'ina: *He went to home, *He arrived to Kano. Na biyun nan yana da masu goyon baya biyu, "arriver à" na Faransanci da "wasala ila" na Larabci. Ingilishi kuwa arrive in Kano ko arrive at the station yake cewa, kuma reach da enter ba su ɗaukar harafi idan wuri ake nufi: He reached Kano, He entered the room.

Sakamako na biyu ya shafi "wa" da "ma", waɗanda ke gabatar da wanda aka yi aikin dominsa ko a kansa:

(6) a. Ya kawo mini littafi. He brought a book to me.
b. Ya saya mini littafi. He bought a book for me.
c. Ya sace mini littafi. He stole a book from me.
d. Ya yi mini dariya. He laughed at me.
e. Ya yi mini ƙarya. He lied to me.

"Mini" ɗaya ta fito da to, for, from da at. Ɗalibin da aka koya masa cewa "mini" ita ce "for me" zai rubuta He stole a book for me, jimlar da nahawunta daidai ne, amma ta mayar da wanda aka yi wa sata abokin ɓarawo.

Misalin da ya fi kowanne haɗari shi ne na aro da rance. Hausa tushe ɗaya take da shi: "na ari keke daga wurin Musa" da "na ara wa Musa keke"; "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Faransanci yana da aikatau biyu, prêter da emprunter, amma harafinsu ɗaya, "à". Ingilishi ya bambanta aikatau ya kuma bambanta harafi: lend to, borrow from. Saboda haka Hausa na jawo *Borrow me your pen, Faransanci na jawo *I borrowed money to Musa. A aji abin dariya ne. A takardar bashi da aka sa wa hannu kuwa, jimla ta biyun nan ba ta nuna wa ke bin wani ba, kuma shari'a ba ta karanta abin da ke zuciyar marubuci. Haka "acheter à" ke jawo *buy to maimakon buy from.

5.0 Harafin da wata kalma ta zo da shi

A nan babu ɗigo, babu mazubi. Wasu aikatau da sifofi da sunaye suna tafe da harafinsu kamar yadda ƙwarya ke tafe da faifanta, kuma neman dalili ɓata lokaci ne. Ana cewa depend on, interested in, good at, responsible for, married to, afraid of, participate in, congratulate on. Faransanci ya saɓa a kusan dukkansu: dépendre de, s'intéresser à, bon en, responsable de, marié avec, participer à. Daga nan *depend of, *interested to, *responsible of da *married with suka fito. Kamannin kalmomin ne ke yaudara. Ɗalibi ya ga "responsable" da "responsible" kamar Hasan da Husaini, sai ya ɗauka harafinsu ma ɗaya ne.

Akwai wasu aikatau huɗu da Hausa da Faransanci suka haɗu a kan rashin harafi, Ingilishi kuwa ya wajabta shi. Jira da attendre su ne wait for. Saurara da écouter, listen to. Nema da chercher, look for. Duba da regarder, look at. Kuskure irin su *Wait me da *Listen me suna da wuyar kankarewa daidai gwargwadon yawan harsunan da ke goyon bayansu. Akasin haka ma yana nan. "Tattauna a kan" da "discuter de" suna haifar da *discuss about. "Yi kama da" da "ressembler à" suna haifar da *resemble with ko *resemble to. Discuss, resemble, answer, obey, attend da phone duk kai tsaye suke kama abin da ke binsu.

Wasu kalmomin kuma harafi fiye da ɗaya suke karɓa, kowanne da ma'anarsa. Agree with mutum, agree to shawara ko sharaɗi, agree on batun da aka daidaita a kai. Throw the ball to him jefa masa ne ya cafe, throw the stone at him jifansa ne. Shout to kira ne daga nesa, shout at tsawa ce.

Maganin wannan sashe ɗaya ne: kada a koyi kalmar ita kaɗai. Littafin kalmomin ɗalibi bai kamata ya ƙunshi "depend, dogara" ba, sai dai "depend on, dogara da", tare da cikakkiyar jimla. Ƙamusun masu koyo irin wanda A. S. Hornby ya assasa, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948, an tsara shi ne domin wannan aiki, amma ɗalibai da yawa ma'ana kaɗai suke dubawa su rufe, su bar misalan da ke ƙarƙashinta. Ƙaramin ƙamus na Faransanci da Ingilishi mai ba da kalma ɗaya a madadin ɗaya shi ne babban mai yaɗa cutar da ake magana a kai.

Bayan harafi, aikatau na Ingilishi siffar -ing yake ɗauka: after eating, without eating, before leaving. Faransanci "sans manger" ke jawo *without to eat. Hausa kuwa sunan aikatau take sawa, "bayan cin abinci", "ba tare da cin abinci ba", daidai da Ingilishi. Inda ake tuntuɓe shi ne "to", domin iri biyu ne. A I want to go ba harafi ba ne. A I look forward to hearing from you harafi ne, shi ya sa hearing ya biyo baya. Wannan jimla ce ke rufe yawancin wasiƙun neman aiki, kuma *to hear from you a layin ƙarshe shi ne abin da mai ɗaukar aiki zai karanta dab da sunan mai nema.

6.0 Harafi a ƙarshen jimla

Ingilishi yana barin harafi shi kaɗai a ƙarshe: the knife he cut the meat with, the man I spoke to. Hausa ba ta barin "da" a haka, sai ta kawo wakilin suna: "wuƙar da ya yanka nama da ita". Larabci ma haka yake yi. Daga nan ake samun *the knife he cut the meat with it da *the man I spoke to him. Hanyar fahimtar da ɗalibi tana cikin Hausar kanta, domin a wasu wurare ita ma tana yin yadda Ingilishi ke yi: "tabarmar da ya zauna a kai", "ɗakin da ya kwana a ciki", "mutumin da aka saya wa riga". Babu wakilin suna a ƙarshen ko ɗaya.

Har yanzu akwai malaman da ke hana ƙare jimla da harafi. Wannan hani ana danganta mafarinsa ga John Dryden, wanda ya soki Ben Jonson a kan haka a 1672, kuma da ma'aunin Latin aka auna Ingilishi aka yanke shi. Manyan littattafan nahawu na yau, ciki har da na Huddleston da Pullum na 2002, ba su ɗauke shi doka ba. The man to whom I spoke ya dace da rubutun hukuma, amma wanda ya ce Where are you from? bai yi laifin komai ba.

7.0 Wane Ingilishi?

Ɗalibin Amrigebe da ya isa Maiduguri ko Kano zai ji discuss about, request for, congratulate for, comprise of da enter bus a bakin masu digiri, har ya gan su a jarida. David Jowitt ya tattara irin waɗannan a littafinsa na 1991 a kan Ingilishin Nijeriya. Ba a ce masu faɗin haka jahilai ba ne. Harshen da ya yi fiye da ƙarni a wata ƙasa dole ya ɗauki launinta. Su ma Ingila da Amurka ba su daidaita ba: at the weekend a Landan, on the weekend a New York, write to me a can, write me a nan. Sai dai mai gyaran takardar WAEC ko IELTS ko TOEFL yana karɓar bambancin Ingila da Amurka, ba ya karɓar discuss about. Adalcin da malami zai yi wa ɗalibi shi ne ya gaya masa gaskiyar duka biyun: zai ji wannan a titi kuma a fahimce shi, amma a takardar jarrabawa da wasiƙar hukuma ga abin da ake so.

8.0 Wa'adi da lissafi

Sauran wuri guda inda kuskuren harafi ke cin kuɗi ko gurbin karatu. Hausa "zuwa" da "har", da Faransanci "jusqu'à", suna sa ɗalibi ya gauraya by da until:

(7) a. Submit the form by Monday.
b. The office is closed until Monday.
c. Reply within ten days.
d. The results will be out in ten days.

A (7a) Litinin ce iyaka: a miƙa fom kafin ta ko a ranar, ba bayanta ba. A (7b) rufewar ce ke ci gaba har Litinin, don haka zuwa kafin ranar wahalar banza ce. "Until" na tafiya da aikin da ke ɗorewa, "by" da aikin da ake yi sau ɗaya a gama. A (7c) kowace rana cikin goman ta yi, a (7d) kuwa sai kwana goman sun cika. Haka on time yana nufin daidai lokacin da aka tsara, in time kuma kafin lokaci ya ƙure.

A lissafi, The fee was increased by 5,000 francs ƙarin jaka biyar ne na sefa a kan kuɗin da ake biya da. The fee was increased to 5,000 francs kuwa yana nufin sabon kuɗin gaba ɗayansa jaka biyar ne. A takardar biyan kuɗi, pay to yana gabatar da wanda za a ba, pay for abin da aka saya, pay by hanyar biya kamar cak ko banki, pay in kuma irin kuɗin, sefa ko naira. Ya kyautu malami ya kawo ainihin fom na neman shiga jami'a ko rasit na banki cikin aji, ya sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kowane harafi, sa'an nan kowa ya faɗa da Hausa ranar da zai kai takardarsa, da nawa zai biya, da wanda zai ba.